Tambaya kan kuɗin tallafin da gwamnatin Amurka take biyan manoman karkara

Malamin Gona:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka karanci tattalin arzikin noma, ko kuma waɗanda zama ya kai su Amurka suka ga abin da idonsu. An daɗe ana faɗa mana a wuraren bita cewa gwamnatin Amurka tana biyan manomanta kuɗi tsaba, har akan ce akwai wanda ake biya domin ya bar gonarsa ba shuka. Kwanan baya wani abokin aikina ya nuna mini jerin sunayen mutane da kamfanonin da suka karɓi irin wannan kuɗi a gundumar Gaines da ke yammacin jihar Texas, wadda ta yi suna wajen noman auduga da gyaɗa, kowane suna da adadin dalolin da aka ba shi a gefensa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tazarar da ke tsakanin na saman jerin da na ƙasansa, domin na sama sun tara miliyoyi a tsawon shekaru, na ƙasa kuwa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Ina son a fayyace mini da wane ma'auni ake raba wannan kuɗi, wane ne yake tantance manomi a matakin gunduma, kuma me ya sa tallafin da aka ce an yi shi domin kare manomi daga faɗuwa ya fi kwarara zuwa wurin wanda ya riga ya fi kowa ƙarfi. Na gode.

Ɗalibin Lubbock:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina karatu a birnin Lubbock da ke jihar Texas, kuma daga nan zuwa Seminole, hedikwatar gundumar Gaines, tafiyar ƙasa da sa'a biyu ce a mota, saboda haka zan iya cewa wani abu.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, mafi yawan wannan kuɗi ba manomi yake bi ba, ƙasa yake bi. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da wata hukuma da ake kira FSA a taƙaice, mai ofisoshi sama da 2,000 a gundumomin ƙasar, kuma a kowane ofishi akwai kundin kowace gona: lambarta, girmanta, hotonta da aka ɗauka daga sama, abin da aka saba shukawa a cikinta tun shekarun baya, da kuma yawan amfanin da take bayarwa a kowace eka. Na taɓa raka wani manomi ofishin gundumarsu a farkon watan Yuli, saboda yawancin amfanin damina sai an kai rahoton shukarsa kafin ranar 15 ga watan. Ma'aikaciyar ta shimfiɗa masa taswirar gonakinsa a kan tebur, shi kuma yana bi fili bayan fili da alƙalami yana rubuta abin da ya shuka, da ranar da ya shuka, da ko na ban ruwa ne ko na jiran sama, da kuma kason da yake nasa da kason mai ƙasa, sannan ya sa hannu. Duk wani kuɗi da zai zo daga baya a kan wannan takarda da wancan tsohon kundi ake lissafa shi.

Tushen abin tun 1933 ne, zamanin shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas har gwamnati ta riƙa biyan manoma domin su rage shuka. Tun daga nan majalisar dokoki take sabunta dokar noma kusan kowace shekara biyar. Daga 1996 aka shiga biyan kuɗi kai tsaye ko farashi ya faɗi ko bai faɗi ba, abin da ya kai kusan dala biliyan 5 a shekara, sai dokar 2014 ta soke shi ta kawo tsari biyu da manomi zai zaɓa a tsakaninsu.

Na ɗaya, wanda ake kira PLC, kariya ce daga faɗuwar farashi. Doka ta yanka wa kowane amfani mafi ƙarancin farashinsa, idan matsakaicin farashin kasuwa na shekara ya sauko ƙasa da shi sai gwamnati ta cike giɓin. Ma'auninsu na hatsi shi ne bushel, wanda na alkama ya ɗan haura kilo 27, kuma dokar 2014 ta yanka wa alkama dala 5.50 a kan kowane ɗaya. A kakar 2016 farashin kasuwa ya tsaya a dala 3.89, wato giɓin dala 1.61 ke nan. Ana biya ne a kan kashi 85 cikin 100 na ekokin da ke cikin kundi. To mu ƙaddara mutum yana da eka 1,000 ta alkama a rubuce, kowace eka an rubuta mata bushel 40: za a ninka 850 da 40 da 1.61, ya tashi dala 54,740. Maƙwabcinsa mai eka 100 da irin wannan ƙasa zai samu dala 5,474. Ka ga amsar tambayarka ta uku tana cikin lissafin kansa, domin babu inda aka tambayi wane ne ya fi buƙata. Kuma ba lallai ne mutum ya shuka alkama a wannan shekarar ba; muddin kundin ya ce ƙasar alkama ce, za a biya shi ko da dawa ya shuka.

Na biyu, ARC, shi ne ya fi alaƙa da gunduma. Ana duba amfanin da gunduma ɗungurungum ta samu a shekaru biyar da suka wuce, a jefar da shekarar da ta fi kyau da wadda ta fi muni, a haɗa da farashi a fitar da abin da eka ɗaya ta saba kawowa. A ƙarƙashin dokokin 2014 da 2018, idan kuɗin shigar bana ya gaza kashi 86 cikin 100 na wannan, sai a biya, amma ba za a wuce kashi 10 ba. Wannan ya sa manoma biyu da hanya ɗaya ta raba gonakinsu, ɗaya a wannan gunduma ɗaya a waccan, sukan samu mabambantan kuɗi ko da fari ɗaya ya same su, kuma abin yana jawo ƙorafi sosai.

Wanda ake biya domin ya bar gona kuwa gaskiya ne, shirin yana nan tun 1985, amma manufarsa hana zaizayar ƙasa ce: mutum yakan ƙulla yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya shuka ciyawa ko itatuwa a filin da iska ko ruwa ke cinyewa, gwamnati tana biyansa haya duk shekara.

Hajiya Mai Lissafi:

Ɗan'uwa Ɗalibi ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya tsallake inda kuɗin ya fi yawa kuma ya fi ɓuya, wato inshorar amfanin gona. Kamfanoni masu zaman kansu ne suke sayar da ita, sai dai gwamnati ce take biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin da manomi ya kamata ya zuba, kuma wannan rangwame ba shi da iyaka: gwargwadon faɗin gonarka, gwargwadon abin da baitulmali zai ɗauke maka. Sunayen masu cin wannan rangwamen ba sa fitowa a jerin da Malam ya gani, saboda doka ta hana a bayyana su. Jerin da ake gani wata ƙungiya ce mai rajin kare muhalli, EWG, take tattarawa daga bayanan da take nema a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, kuma lissafinta ya nuna cewa tun daga 1995 kashi 10 cikin 100 na masu karɓa sun kwashe fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin tallafin amfanin gona.

A takarda akwai iyaka. Dokar 2014 ta ce mutum ɗaya ba zai karɓi fiye da dala 125,000 a shekara ba, kuma wanda kuɗin shigarsa ya wuce dala 900,000 ba ya cikin masu karɓa. Amma iyakar a kan mutum take, ba a kan gona ba, saboda haka idan gona ta haɗin gwiwa ce, kowane abokin tarayya da aka rubuta cewa yana da hannu a gudanar da ita yana da nasa kason. Miji yana da nasa, mata tana da nata, 'ya'ya suna da nasu, sai dokar 2018 ta ƙara faɗaɗa ma'anar iyali har ta shigo da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan baffanni da na kawunnai, ko da a birni suke zaune. Manoman gyaɗa kuma, irin na Gaines, suna da wata iyakar ta daban a kan gyaɗar kaɗai, wadda ba ta shiga lissafin sauran amfani. Dokar da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2025 ba ta rage komai ba, sai ma ta ɗaga iyakar zuwa dala 155,000, ta kai farashin alkama dala 6.35, masara daga 3.70 zuwa 4.10, waken soya daga 8.40 zuwa 10.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya bayyana a kowane jeri. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar noma a Amurka haya ake yi. Mai ƙasa ya san abin da kundin gonarsa yake jawowa duk shekara, don haka yana sa shi cikin kuɗin haya, kuma idan ya tashi sayarwa yana sa shi cikin farashi. Ashe ke nan wani kaso na tallafin yana ratsa hannun mai noma ne kawai ya wuce aljihun mai ƙasa, matashin da yake son shiga noma kuwa ya tarar ƙasa ta fi ƙarfinsa, yayin da babban manomi yake amfani da tabbacin wannan kuɗi ya ci bashin banki ya saye gonar maƙwabcin da ya tsufa. Ƙidayar 2022 ta nuna gonakin ƙasar sun ragu zuwa kusan miliyan 1.9, matsakaicin shekarun manomi kuma ya kai 58. Ba tallafi kaɗai ya jawo haka ba, amma ni a ganina yana cikin abubuwan da suke ƙara wa abin gudu.

Malamin Gona:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, bayaninki ya sa na fahimci dalilin tazarar. Sai dai har yanzu ina son jin wane ne yake da ta cewa a cikin gundumar, domin kundin da ake magana mutane ne suke rubuta shi, kuma duk inda aka ce ga rajista ga kuɗi, to wanda yake riƙe da alƙalami ba ƙaramin mutum ba ne.

Lauyan Zaure:

Malam, ka taɓo inda yake ciwo. A kowace gunduma akwai kwamitin manoma mai mutum uku zuwa goma sha ɗaya, waɗanda manoman yankin suke zaɓa na wa'adin shekara uku. Tsarin ya samo asali tun shekarun 1930, kuma a fuska abin yabo ne, tunda waɗanda suka san ƙasar da mutanenta ne suke duba rahoton shuka, suke sauraron ƙorafi, suke da hannu wajen ɗaukar shugaban ofishin gunduma. Amma a jihohin kudu, inda baƙaƙen fata suka daɗe ba su da murya a zaɓe, waɗannan kwamitoci sun kasance a hannun manyan fararen manoma shekara da shekaru. Baƙar fata yakan kai takardar neman bashin noma da wuri, a riƙe ta har lokacin shuka ya wuce, ko a ba shi abin da bai kai ba, ko a rubuta wa gonarsa amfanin da ya gaza na gaskiya, wanda kuma shi ne za a riƙa lissafa masa tallafi a kai har 'ya'yansa su gada. Ofishin da ya kamata ya binciki irin wannan ƙorafi a ma'aikatar noma an rushe shi a 1983, takardun mutane suka yi ta taruwa babu mai dubawa.

A 1997 wani manomi daga jihar North Carolina mai suna Timothy Pigford ya jagoranci ƙara a kan ma'aikatar, aka sasanta a 1999, gwamnati ta biya kusan dala biliyan 1, yawancin waɗanda suka yi nasara suka samu dala 50,000 kowannensu. Dubban mutane sun makara wajen shigar da takardunsu, sai a 2010 aka yi sasantawa ta biyu ta dala biliyan 1.25. Kuɗin ya zo, amma ƙasar da aka riga aka yi gwanjonta ba ta dawo ba. A 1920 baƙaƙen fata masu noma sun kusa miliyan ɗaya, yau ba su kai 50,000 ba. Tun daga lokacin an ƙara ƙa'idoji, ana iya ɗaukaka ƙara zuwa sama da gunduma, aka kuma shigo da naɗa wakilan waɗanda aka saba dannewa a cikin kwamitocin, sai dai tsohon kundin da aka gina lissafi a kansa yana ɗauke da tabon wancan zamani.

Ɗalibin Lubbock:

Ban musa abin da Hajiya da Barista suka faɗa ba, amma adalci ne a ji ta bakin manomin kansa. Yammacin Texas busasshiyar ƙasa ce mai yashi da iska, ruwan samanta na shekara ba ya wuce na yankunan Sahel da yawa. Duk wanda ya ratsa hanyar Seminole zai ga manyan da'irori na kore, kowace da doguwar bututun ban ruwa mai tayoyi tana zagaya ta a hankali, kuma ruwan daga wani tafki na ƙarƙashin ƙasa mai suna Ogallala ake jawo shi, wanda yake ja da baya shekara bayan shekara. Da kaka za ka ga auduga an naɗe ta dunƙule-dunƙule cikin leda ruwan ɗorawa an jera a bakin gona, kowane dunƙule ya fi mutum tsawo, injin da yake wannan aiki kuwa sabonsa yana kusantar dala miliyan ɗaya. A 2022 fari ya sa manoman Texas suka yi watsi da fiye da rabin audugar da suka shuka, ba su ko shiga da injin girbi ba. Mutumin da ya ci bashin iri da taki da mai a watan Maris, ƙanƙara ko fari ya share masa gona a watan Yuni, idan babu inshora shekara ɗaya ta isa ta raba shi da abin da kakansa ya bari. Bankunan yankin ma ba sa ba da bashin noma sai sun ga takardar inshora. Kuma idan manomi ya faɗi, masana'antar gurzar auduga da shagon kayan gyara da makarantar garin duk sai sun ji a jikinsu.

Inda na fi yarda da masu suka shi ne kuɗin da ake bayarwa ba tare da an bi ta dokar noma ba. Akwai wani asusu na ma'aikatar noma da aka kafa tun 1933, mai ikon cin bashin dala biliyan 30 daga baitulmali, kuma da shi gwamnatin Donald Trump ta biya manoma kusan dala biliyan 23 a 2018 da 2019, bayan ƙasar Sin ta ɗora haraji a kan waken soya da sauran kayan Amurka a rikicin cinikinsu. A zagayen farko an ba waken soya dala 1.65 a kan bushel, masara kuwa aka ba ta santi ɗaya, abin da ya fusata manoman masara ƙwarai. A zagaye na biyu aka yanka wa kowace gunduma kuɗinta, daga dala 15 zuwa dala 150 a kan eka, gundumomin auduga na kudu suka fi samun kaso mai tsoka, alhali waken soya na tsakiyar ƙasar ne ya fi shan wahalar rikicin. A 2020, da annobar korona ta zo, kuɗin da gwamnati ta biya manoma kai tsaye ya haura dala biliyan 45. Irin wannan kuɗi manomi ba zai iya tsara aikinsa a kansa ba, tunda ba ya sanin zai zo ko ba zai zo ba sai an sanar daga Washington.

Ɗan Moundou:

Salamu alaikum. Ni daga kudancin Chadi nake rubutu, inda auduga ita ce abin da talaka yake sayarwa ya ga kuɗi a hannunsa, kuma ina roƙon a duba cewa abin da ake biya a gunduma irin Gaines ba a Texas yake tsayawa ba. Amurka ta daɗe tana cikin manyan masu fitar da auduga zuwa kasuwar duniya. A kakar 2001 zuwa 2002, lokacin da farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai, manoman audugarta kimanin 25,000 sun samu tallafin da ya kusa dala biliyan 4, saboda haka ba su rage shuka ba duk da kasuwa tana cewa a rage, audugar ta cika kasuwa, farashin ya ƙara nutsewa. Manominmu da yake noma da garmar shanu, yake tsinke audugarsa da hannu shi da iyalinsa, ba shi da wanda zai cike masa giɓi, abin da kamfanin saye ya yanka shi zai karɓa.

Wannan ne ya sa a 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka haɗa kai suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, batun ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka wargaza taron ƙungiyar na watan Satumbar shekarar a birnin Cancun na ƙasar Mexico. Ƙasar Brazil kuma, da yake tana da ƙarfin ɗaukar lauyoyi, ta riga ta shigar da ƙara tun 2002, ta yi nasara a 2004, aka tabbatar mata a 2005. Maimakon Amurka ta janye tallafin nan take, sai a 2010 ta amince ta riƙa biyan ɓangaren audugar Brazil dala miliyan 147 a shekara, a 2014 ta rufe maganar da dala miliyan 300. Benin da Chadi sun shiga waccan shari'a a matsayin masu ruwa da tsaki, amma ba a ba manomanmu ko sisi ba. Dokar 2014 ta cire auduga daga tsarin PLC da ARC saboda wannan hukunci, sai ga shi a 2018 majalisa ta dawo da ita ta wata ƙofa, ta hanyar haɗa farashin audugar da na angurya a yi musu ma'auni ɗaya.

Malam Ɗalibi, na ji tausayin manomin da fari ya cinye wa gona, domin mu ma mun san fari, kuma ba na cewa a bar shi ya faɗi. Abin da ƙasashenmu huɗu suka nema tun 2003 shi ne a janye tallafin auduga sannu a hankali har a soke shi, a kuma kafa asusun da zai rama wa manoman Afirka asarar da suka yi kafin a kai ga hakan. A taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya na Nairobi a 2015 an amince a daina tallafin fitar da amfanin gona zuwa waje, amma tallafin cikin gida, wanda shi ne ake biya ta ofisoshin gundumomi, har yau ana kan tattauna shi a Geneva, hedikwatar ƙungiyar.